Laima ta addabi ɗakunanmu a Garwa: buɗe taga magani ne, ko ƙara ta yake yi?

Uwargida, unguwar Yelwa, Garwa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu ilimin gini da duk wanda ya taɓa fama da irin wannan matsala. Muna zaune a gidan haya na bulo da siminti, rufin kwano da silin, a ɓangaren da ke gangarowa wajen kogin Binuwai. Tun da damina ta kankama, musamman daga shigowar watan Agusta, ɗakin kwananmu ya koma yana wani irin wari mai nauyi wanda turaren wuta ba ya iya kore shi, sai dai ya danne shi na ɗan lokaci. Kayan sawa da ke cikin kabad sun fara yin fumfuna, takalman fata sun yi fari fat, kuma idan aka ɗaga katifa sai a tarar ƙasanta ya yi sanyi da danshi. A bangon da ke bayan kabad ɗin akwai baƙaƙen ɗigo-ɗigo da suka bazu har kusan tsayin mutum, a can ƙasa kuma fenti yana kumbura yana ɓarewa.

Ɗakin yana da taga ɗaya tak, mai gilashi da wayar sauro, kuma banɗaki yana cikinsa ba tare da wata kafar iska ba. Mu huɗu ne muke kwana a ciki, da ni da maigida da ƙananan yara biyu, ɗaya daga cikinsu kuwa yana da ciwon asma, kuma tarinsa ya ƙaru a 'yan makonnin nan.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne shawarwari biyu masu karo da juna da nake samu. Surukata ta ce a riƙa rufe taga da ƙofa ruf domin iskar damina ce take shigo da laimar, shi kuwa maigida ya ce a bar komai a buɗe dare da rana. Wanne ne daidai a cikinsu? Kuma idan iska ce magani, yaya ake sa ta yi aiki a ɗaki mai taga ɗaya? Allah ya saka da alheri.

Malamin kimiyya, Domayo, Marwa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba yaron lafiya. Kowane ɗaya daga cikin manyan naki biyu ya kama wani ɓangare na gaskiya, amma idan dole sai an zaɓi ɗaya, maganar maigidanki ta fi kusa, kuma zan nuna dalili da lissafi.

Iska tana da iyakar tururin ruwan da za ta iya ɗauka, kuma iyakar tana hawa da sauka tare da zafi. Kowace mita ɗaya murabba'i mai tsayin mita ɗaya ta iska tana iya riƙe kimanin giram 30 na ruwa idan zafi ya kai digiri 30, amma idan ya sauka zuwa digiri 20 ba ta wuce giram 17. Idan an ce laima ta kai kashi 75 cikin 100, ana nufin iskar ta riga ta ɗauki kashi uku cikin huɗu na abin da za ta iya ɗauka a wannan zafin. A ɗauka ɗakinku mita 4 ne tsawo, mita 4 faɗi, mita 3 tsayi, zafinsa da dare digiri 28, laimarsa kuma kashi 75, wanda ba abin mamaki ba ne a watan Agusta. Gurbin da ya rage wa iskar ɗakin gaba ɗaya bai fi kashi ɗaya cikin uku na lita ba. Shi kuwa babban mutum mai barci yana fitar da kusan giram 40 na ruwa a kowace awa ta numfashi da gumi, don haka ku huɗu, ko da an rage wa yaran kasonsu, kuna zuba wa iskar ɗakin kusan lita guda kafin asuba. Idan ɗakin a rufe yake, ruwan da ya yi saura ba shi da wurin zuwa sai cikin katifa da labule da tufafi da bango. Wannan shi ya sa rufe ɗaki ruf ba ya hana laima, domin mafi yawanta a cikin ɗakin ake samar da ita.

Kuma ba numfashi kaɗai ba ne. Wanki ɗaya na iyali da aka shanya a cikin ɗaki saboda tsoron ruwan sama yana iya sakin lita biyu ko fiye. Randar ƙasa da muke so saboda sanyin ruwanta, tsattsafowar da take yi ce take sanyaya ta, kuma wannan ruwan cikin iska yake shiga, saboda haka wurinta rumfa ne ba ɗakin kwana ba. Ko gas ɗin girki ma yana haifar da ruwa idan ya ƙone: kowane kilo ɗaya yana ba da kusan lita ɗaya da rabi, wato tukunyar gas mai kilo 12.5 da aka saba saye a nan Kamaru tana sakin kusan lita 19 kafin ta ƙare, ban da tururin tukunyar miya da ta tuwo. Risho ma haka yake, kusan lita ɗaya ta ruwa a kowace lita ta kananzir. Sai kuma banɗakin da kika ce ba shi da kafar iska, wanda a ganina shi ne babban mai laifi a wannan ɗakin.

Inda surukarki take da gaskiya shi ne batun lokaci. Iskar waje ba ɗaya take ba a tsawon yini. Daga tsakar dare zuwa hantsi, lokacin da raɓa take sauka, da kuma sa'ad da ake ruwa ko aka ɗauke shi yanzu-yanzu, iskar waje ta kusa cika, ba za ta busar da komai ba. Lokacin da ya fi amfani shi ne daga wajen ƙarfe 11 na safe zuwa la'asar a ranar da rana ta fito, domin a lokacin ne zafi ya faɗaɗa wa iska gurbi, take iya kwashe ruwa daga katifa da bango. A wannan tsakanin a wangale taga da ƙofa, a yaye labule, a buɗe ƙofofin kabad da akwatuna, a jingina katifa da bango ko a fitar da ita rana. Da dare kuma kada a rufe ruf: a bar taga a buɗe kaɗan domin abin da kuke numfasawa ya samu hanyar fita.

Ina ba da shawarar a nemi ƙaramin ma'aunin laima mai batir, irin wanda yake nuna zafi da laima tare, a wajen masu sayar da kayan lantarki. Abin da ake so shi ne adadin ya riƙa sauka ƙasa da kashi 60 ko kusa da haka, kodayake a tsakiyar damina a Garwa, inda ruwan shekara ke kaiwa kusan milimita 1,000 kuma mafi yawansa daga Yuli zuwa Satumba yake zuba, samun hakan ba tare da na'ura ba yana da wuya. Abin da ba a so shi ne ya zauna sama da kashi 70 kwana da kwanaki, domin a nan ne fumfuna take samun gindin zama.

Tsohon magini, Garwa

Malam ya yi bayani mai kyau a kan iska, amma akwai kalma ɗaya a cikin maganar 'yata da ta tsaya mini a rai, wato fentin da ke kumbura yana ɓarewa a ƙasan bango. Wannan ba aikin numfashi ba ne. Baƙaƙen ɗigon da ke bayan kabad laimar iska ce ta kawo su, saboda wurin a toshe yake, iska ba ta ratsawa. Amma ɓarewar fenti daga ƙasa, musamman idan akwai wani farin gari kamar gishiri a wurin kuma shatar danshin ba ta wuce mita ɗaya daga daɓe ba, alama ce ta ruwan da ke hawowa daga ƙasa ta cikin harsashin gini. Gidajen da ke gangaren Binuwai sun san wannan, haka ma duk inda aka yi gini a kan baƙar lakar nan ta karal da ake noman muskuwari, wato dawar rani, a kanta, domin tana riƙe ruwa ta kumbura da damina, ta tsage da rani. Irin wannan ruwan, ko an cire ƙofa da taga gaba ɗaya, iska ba za ta tsayar da shi ba, sai dai ta rage warinsa.

Ga yadda za ki bambance su ba tare da kin kashe ko dala ba. Ki yanki farar leda mai kauri, faɗin taku ɗaya, ki liƙa ta a ƙasan bangon da salatif ta kowane gefe yadda iska ba za ta shiga ba, ki liƙa wata a kan daɓen siminti, ki bar su kwana biyu. Idan kin ɓare kin ga ruwa ya taru a fuskar da ke manne da bango, ko simintin wurin ya yi duhu, to daga cikin gini ruwan yake fitowa. Idan kuwa a fuskar waje ruwan ya kwanta, bayan ledar a bushe, to laimar iskar ɗaki ce. Sau da yawa ana samun duka biyun a ɗaki ɗaya. Kuma idan akwai ledar tsakar ɗaki ko kafet a shimfiɗe, ki ɗaga kusurwa ɗaya ki shinshina, domin a gidaje da yawa da na shiga gyara, a nan ƙarƙashin ne warin yake kwance, simintin ya yi baƙi yana santsi alhali saman ledar tas yake.

Idan daga ƙasa ne, aikin a waje yake farawa. A duba inda ruwan kwano yake zuba, a tabbatar ba a gindin bango yake taruwa ba, a gyara magudana, a yi ɗan daɓe mai gangara da zai nesanta ruwa daga ginin. Kada a yarda wani ya ce a shafe wurin da fentin mai ko a manna tayal a kai, domin toshe ruwan kawai za a yi, ya hau sama ya ɓullo a inda tayal ɗin ya ƙare. Farar ƙasa ta fi dacewa da irin wannan bango saboda tana barin danshi ya fita, kuma fumfuna ba ta sonta. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa nake hana mutane shafe ginin ƙasa da siminti ciki da waje, domin jar ƙasar takan riƙa jiƙa a ɓoye har ranar da bangon zai zube.

Game da taga ɗaya kuwa, iska ba ta shiga inda ba ta da mafita. Da damina iskar yau da kullum daga kudu maso yamma take kaɗawa, shi kuwa hadari daga gabas yake tasowa, shi ya sa magabatanmu ba su cika buɗe manyan kafofi a bangon gabas ba. Abin da ɗakin nan yake bukata shi ne kafa ta biyu a bangon da ke fuskantar tagar, can sama daf da silin, domin iska mai zafi sama take hawa. Bulo biyu ko uku masu ramuka sun isa, a sa musu wayar sauro da ɗan baki a waje mai kare feshin ruwa. Banɗakin ma a huda masa tasa kafar zuwa waje, ba zuwa cikin silin ba. Sannan a duba ko tsakanin kwano da silin akwai inda iska ke shiga, domin idan an toshe shi, da asuba kwano yakan yi sanyi ruwa ya taru a cikinsa ya riƙa ɗiga a kan silin, mutane su yi ta neman yoyo inda babu. Kabad kuma a janye shi daga bango kamar faɗin tafin hannu, a ɗora ƙafafunsa a kan katako.

Mazaunin Waliya, Njamena

Baba ya yi gaskiya a kan bangon da ya sha ruwa. Mu da ambaliyar kogunan Shari da Logon ta shiga unguwarmu a watan Oktoba na 2022 mun ga yadda bulo yake riƙe ruwa: bayan ruwan ya janye, waɗanda suka yi gaggawar yin fenti suka mayar da kaya sun sake ganin baƙi ya ɓullo, waɗanda kuwa suka bar ɗakuna a buɗe har iskar hunturu ta ratsa su ba su sha wannan wahalar ba. Saboda haka duk wani gyaran filasta ko fenti a jinkirta shi zuwa Disamba ko Janairu, lokacin da laima kan sauka ƙasa da kashi 20 da rana.

Sai dai ina da ja da maganar Malam a kan barin taga a buɗe da dare. Watannin damina su ne na zazzaɓin cizon sauro, kuma da yara ƙanana a ɗakin. Idan wayar tagar tana da ko da ƙaramar ɓula ce, gara a gyara ta kafin a bi wannan shawara, gidan sauro mai magani kuma kada a bar shi. Wani abu da mutane ba sa lura da shi shi ne wayar kanta: ƙurar hunturun bara tana nan maƙale a ramukanta, ta haɗu da danshi ta zama laka, har mutum ya ɗauka tagarsa a buɗe take alhali iska kaɗan ce ke ratsawa. A samu buroshi da ruwan sabulu a wanke ta ciki da waje, za a ji bambanci a ranar.

Uwargida, unguwar Yelwa, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Zan yi gwajin ledar, Baba. Matsalar ita ce gidan ba namu ba ne, kuma huda bango sai da izinin mai gida, wanda ba a garin yake zaune ba. Kafin a samu amsarsa, shin fankar sama da muke da ita ba za ta wadatar ba? Akwai kuma maƙwabciyar da ta ce in riƙa kunna gawayi a kurfoti in bar shi a ɗakin domin ya busar da shi.

Ma'aikaciyar jinya, Ngaundare

Yaya, don Allah kada ki bi shawarar gawayin nan ko sau ɗaya. Gawayin da ke ci a ɗakin da iska ba ta ratsawa yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana hana jini ɗaukar iskar numfashi, kuma mutum yakan fara da ciwon kai da jiri da kasala, ya yi barci bai farka ba. A nan Ngaundare, inda muke kan tudu sama da mita 1,000 kuma ruwan shekara ya kai kusan milimita 1,500, sanyi da danshi sukan sa mutane su shigar da wuta ɗaki, kuma haɗarin sananne ne ga duk mai aikin asibiti. Ko kaskon turaren wuta ma, tunda akwai mai asma, a rage shi, domin hayaƙin yana tayar da ciwon.

Ƙaruwar tarin yaron ba abin sakaci ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a 2009 a kan danshi da fumfuna a cikin gidaje, inda ta nuna cewa zama a irin waɗannan ɗakuna yana da alaƙa da ƙaruwar tari da shessheƙar numfashi da tashin asma. Idan akwai wani ɗaki ko falo da ya fi bushewa, a mayar da kwanansa can, kuma a kai shi a duba shi, a tabbatar maganin shaƙarsa yana kusa.

Wajen goge fumfunar, a fitar da yaran tukuna, a buɗe taga da ƙofa, a rufe hanci da baki, a sa safar hannu. Kada a kankare ta a bushe, domin ƙwayoyinta za su tashi su cika ɗakin. A fara wankewa da ruwan sabulu, sannan a bi da ruwan jabel, wato bilic, da aka sirka da ruwa mai yawa, kuma kada a haɗa jabel da wani maganin wanke banɗaki ko da ruwan tsami, saboda haɗin yana fitar da hayaƙi mai ƙona huhu. Tufafi a wanke a shanya a rana sosai, a goge su kafin a ninke. Katifar soso kuwa idan baƙin ya shiga cikinta, wanki ba ya fitar da shi.

Malamin kimiyya, Domayo, Marwa

Na karɓi gyaran ɗan'uwanmu na Waliya, a fara da wayar tagar. A kan fanka kuwa, Hajiya, fankar sama ba ta rage ko ɗigo ɗaya na ruwan da ke cikin iska, juya shi kawai take yi, kuma a rufaffen ɗaki abin da ta busar daga tawul shi ne zai koma cikin katifa. Amfaninta yana zuwa ne idan taga da ƙofa suna buɗe. Dabarar da ta fi dacewa da ɗan haya ita ce a samu fankar tsaye a kafa ta a bakin taga tana kallon waje, a buɗe ƙofar ɗakin da wata taga ta falo, ta yadda fankar za ta riƙa tura iskar ɗakin waje sabuwa tana shigowa ta ƙofa. Ɗaki mai girman wanda na lissafa, matsakaiciyar fanka tana iya sauya iskarsa sau da dama a cikin awa guda. A yi haka da rana, a kuma yi bayan kowane wanka, a share ruwan daɓen banɗaki zuwa magudana, a rufe bokitai, a fitar da jiƙaƙƙen tawul, sannan a ja ƙofar banɗakin.

Idan mai gidan ya amince, ƙaramar fankar zuƙo iska da ake kafawa a bangon banɗaki ita ce ta fi kowane gyara amfani idan aka kwatanta da kuɗinta, kuma a bar ta tana aiki kamar minti 20 bayan an gama wanka. Na'urar sanyaya ɗaki ita ce take cire ruwa daga iska da gaske, wanda shi ne ruwan da ake gani yana ɗiga daga bututunta a waje, amma tana bukatar a rufe ɗaki yayin da take aiki, tana cin wuta, kuma idan an kashe ta aka buɗe taga nan take, iskar waje mai ɗumi takan sauke ruwanta a kan daɓe da madubi da suka yi sanyi, yadda kwalbar da aka ciro daga firji take yin gumi. Wanda yake da ita ya jira ɗakin ya ɗan ɗumama kafin ya buɗe. Idan kin yi gwajin da Baba ya faɗa, ki ɗauki hoton bayan ledar da na ƙasan bangon ki aika wa mai gidan, domin gyaran magudana da harsashi haƙƙinsa ne, kuma ya fi kyau a yi maganar tun yanzu a tsayar da aikin zuwa shigowar rani.